Dala Ashirin a Jika: Lissafin da Ke Cin Albashi da Jari

Ranar 11 ga watan Janairun 1994, a birnin Dakar, aka bayar da sanarwar rage darajar kuɗin sefa da kashi 50 bisa ɗari. Kafin wannan rana tamma 50 ta sefa ke sayen faran guda na Faransa. Da gari ya waye sai da tamma 100. Mai jin an ce "rabi" yana iya zaton kayan Turai da rabi za su ƙaru. Amma ɗan kasuwar da ake bin sa faran dubu goma a Faransa, wanda jiya jika 500 za su ishe shi biya, sai ya wayi gari yana neman miliyon guda cif. Ragi na kashi 50 ya zama ƙari na kashi 100, alhali kuwa ba wanda ya yi ƙarya. Lissafin ne haka.

Wannan darasi bai tsufa ba. A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, dukiyar da ke salwanta a cikin ƙananan alƙaluma ba ta da mai kuka, sabili da ba a ganin fitarta: rabin lamba a bayan waƙafi, ɗan gibi a bakin tiya, ƴan daloli a kan kowace jika ta bashi. Ƙaramin adadi ba ya da haɗari sai an maimaita shi, ko dai a kan kaya mai yawa, ko kuma a kan lokaci mai tsawo. Masana sun tanadi makami ga kowane ɗaya: lissafin goma-goma na bayan waƙafi domin awo, da logaritim domin lokaci. Duka biyun suna cikin salular da ke aljihun ɗan kasuwa da ma'aikaci.

Waƙafi a Maraɗi, ɗigo a Kano

Ma'anar waƙafi, wato abin da ƴan lakwal ke kira birgil, mai sauƙi ce. Lamba ta farko a bayansa kashi ne cikin goma, ta biyu kashi cikin ɗari, ta uku kashi cikin dubu. Kilo 2,5 kilo biyu da rabi ke nan. Kilo 2,05 kuwa kilo biyu ne da giram 50 kacal. Sifiri guda ya raba su da giram 450, kusan rabin kilo.

Akwai wani tarko na musamman ga masu fatauci tsakanin Nijar da Nijeriya. A Nijar, bisa tsarin Faransa, waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa. A Nijeriya, bisa tsarin Ingila, ɗigo ke wannan aiki, waƙafi kuwa dubbai yake rabawa. Takardar da aka rubuta 1,250 a Kano tana nufin dubu da ɗari biyu da hamsin. A Maraɗi ɗaya da kwata ake karanta ta. In an rubuta 1.250 sai ma'anar ta juye. Takardar kaya guda, da ta ƙetare iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, tana iya canza ma'ana sau dubu ba tare da an goge ko harafi ɗaya ba. Shi ya sa banki ke tilasta a rubuta adadi da lamba a kuma maimaita shi da kalmomi, kuma ya dace kowace yarjejeniyar ciniki ta bi wannan hanya.

Canjin kuɗi ma haka yake. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 aka ɗaure sefa da kuɗin Yuro a kan 655,957. Wanda zai biya kayan Yuro 20 000, lissafinsa na gaskiya tamma 13 119 140 ne, ban da ladan banki. In aka ce masa a zubar da abin da ke bayan waƙafi a yi lissafi da 655, an taɓa tamma 19 140. In aka ce a daidaita a kan 650 domin sauƙi, an taɓa tamma 119 140, wato abin da ya kai albashin wata na wani ƙaramin ma'aikaci. Wannan kuɗi ba ɓacewa yake yi ba, aljihun ɗaya daga cikin masu cinikin yake shiga, kuma galibi wanda ya kawo shawarar daidaitawa ya san ko aljihun wane ne.

Tiya, yadi da galan

Tiya ita ce ma'aunin hatsi da kowa ya sani, kuma a bisa al'ada ana ɗaukar tiyar gero kamar kilo 2,5, ta yadda tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. To, amma tiya cika take aunawa, ba nauyi ba, kuma tozonta ya danganta da hannun mai awo. A ɗauka tiyar wani dillali kilo 2,4 take ɗauka. Giram 100 ba a ganin su a ido. A buhu guda sun zama kilo 4. A kamiyo mai ɗaukar buhu 300 sun zama kilo 1 200, wato buhu 12 sun bi iska tsakanin kasuwar ƙauye da sito. Da yayyafi kogi kan cika.

Masu sayar da tufafi suna da tasu matsalar. Yadi guda mita 0,9144 ne. Atamfa mai yadi shida ba ta kai mita biyar da rabi ba, mita 5,49 take. Wanda ya biya kuɗin mita 100 aka auna masa yadi 100, mita 91,44 ya karɓa, an rage masa mita 8,56. Haka galan: na Ingila lita 4,546 ne, na Amurka lita 3,785. Suna ɗaya, ma'auni biyu, kuma a durom guda bambancin ya isa ya cinye ribar mai sayar da mai. Maganin duk waɗannan shi ne a maida kowane ma'auni zuwa kilo, mita ko lita, a rubuta lambobin bayan waƙafi har uku, sannan a ninka da yawan kayan kafin a sa hannu.

Inda wannan lissafi ya samo asali

Malaman Musulmi sun riga Turai amfani da shi. Al-Uƙlidisi ya yi aiki da lambobin kashi goma a littafin da ya rubuta a Dimashƙa wajen shekarar 952, kuma Al-Kashi ya shimfiɗa ƙa'idojinsu a littafinsa Miftahul Hisabi, a Samarƙandi, a 1427. Wanda ya kai shi kasuwa a Turai shi ne Simon Stevin, mutumin birnin Buruj na ƙasar Beljik ta yau, wanda ya fara rayuwarsa a matsayin mai riƙe littafin kuɗi na ƴan kasuwa. A 1582 ya buga jadawalin kuɗin ruwa, irin wanda masu ba da bashi ke ɓoyewa a matsayin sirrin sana'a. A 1585 ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi mai suna De Thiende, ma'ana "na goma", ya sadaukar da shi ga masu awon fili, masu awon tufafi, masu buga kuɗi da ƴan kasuwa, yana kira ga hukumomi su maida kuɗi da ma'auni duka bisa goma-goma.

Kiran ya daɗe kafin a amsa shi. Faransa ta kafa tsarin mita a 1795. Ingila ba ta bar tsohon lissafinta ba sai 1971, Nijeriya kuwa sai ranar 1 ga Janairun 1973, da aka fito da naira mai kwabo 100. Dattawan fatake na tuna zamanin da fam guda ke da sule 20, sule kuma kwabo 12, wato kwabo 240 a fam. Fitar da kashi 7 bisa ɗari na irin wannan kuɗi aiki ne na gwani. Yau ɗan makarantar firamare na yin sa da ninkawa guda.

Uwar kuɗi da ɗiyanta

A bakin kasuwa ba a cika cewa "kashi kaza bisa ɗari" ba, dala ake ƙirgawa a kan jika. Fassarar tana da sauƙi: dala biyu a jika kashi 1 ne bisa ɗari. Dala huɗu kashi 2, dala goma kashi 5, dala ashirin kashi 10. A raba yawan dalolin biyu, an sami kason.

Kuɗin ruwa iri biyu ne. Akwai wanda uwar kuɗi kaɗai ke haifarwa. Akwai kuma ruwa bisa ruwa, inda ruwan da ba a biya ba yake komawa cikin uwar kuɗi, shi ma ya shiga haihuwa, kamar garken da ba a taɓa sayar da ɗiyansa. Miliyon guda a kan kashi 12 bisa ɗari a shekara, bayan shekara biyar, ya zama 1 600 000 a tsari na farko, ya zama 1 762 342 a tsari na biyu. Bambancin, tamma 162 342, ruwan ruwa ne zalla.

A nan ne ma'aikaci ya fi shiga haɗari. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990, lokacin da albashi ke makara watanni, sun san yadda buƙata ke kai mutum ƙofar mai ba da bashi na unguwa. A ɗauka ma'aikaci ya karɓi jika 100, da sharaɗin dala ashirin a jika kowane wata. A kunne abin ba shi da nauyi. In yana biyan ruwan duk ƙarshen wata, a shekara ya biya jika 120, kuma jika ɗarin na nan a wuyansa. In kuwa ya kasa biya ana tara masa, wata na farko bashin ya zama 110 000, na biyu 121 000, na uku 133 100, na shida 177 156. Shekara na cika ana bin sa 313 843. Dala ashirin a jika ta zama kashi 214 bisa ɗari a shekara. Domin a gane girman abin, iyakar da majalisar ministocin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ta tsayar, wadda ta fara aiki a shekarar 2014, ta kasance kashi 15 a shekara ga bankuna, da kashi 24 ga ƙananan asusun lamuni. Abin da ya zarce iyakar hukuma, doka na ɗaukar sa cin zali.

Ko a wurin da komi ke rubuce, akwai abin lura. Kashi 2 a wata, in ana tarawa, kashi 26,8 ne a shekara, ba 24 ba. Sannan akwai bashin da ake yanka wa ruwa tun farko a kan dukan kuɗin. Mutum ya karɓi jika 120, aka ce ruwa kashi 10, wato jika 12, zai riƙa biyan jika 11 kowane wata har shekara. To, amma ai jika 120 ba su kwana a hannunsa shekara guda ba; kowane wata yana maida goma. In aka daidaita, jika 65 kawai ya riƙe tsawon shekarar. Jika 12 a kan jika 65 kusan kashi 18 ke nan. Bankin ƙasashen yankin ya wajabta a rubuta wa mai karɓar bashi cikakken kason shekara, wanda ya haɗa ruwa da duk wani lada da kuɗin takarda, abin da ake rubutawa TEG a yarjejeniya. Wannan lamba ce ya kamata ido ya fara nema.

Logaritim, ma'aunin lokaci

Tambayar da ta fi amfani ga mai bashi da mai jari ita ce: yaushe kuɗin zai ninka? Ana iya samun amsa ta hanyar ninkawa wata bayan wata har a gaji. Logaritim yana ba da ita da rabawa guda.

John Napier, mutumin Sikotilan, shi ya fito da shi a 1614 bayan aikin kusan shekara ashirin. Henry Briggs na Ingila ya tafi wurinsa a 1615, suka amince a gina shi bisa goma, kuma a 1624 Briggs ya buga jadawalin lambobi 30 000, kowace da alƙaluma 14 a bayan waƙafi. Dabarar ita ce: logaritim na lamba yana faɗin sau nawa aka ninka goma kafin a kai gare ta. Na 10 shi ne 1, na 100 shi ne 2, na 1 000 shi ne 3. Lambobin da ke tsakani nasu na bayan waƙafi ne: na 2 shi ne 0,301, na 3 shi ne 0,477. In aka tara waɗannan biyu an sami 0,778, wanda shi ne logaritim na 6, wato 2 sau 3. Ninkawa ta koma tarawa, ninkawar da ake ta maimaitawa kuma ta koma ƙirga taki. Da ba don lambobin bayan waƙafi ba, da wannan jadawali bai rubutu ba. Aikin Stevin ne ya share wa na Napier hanya.

Ga yadda ake aiki da shi a kan bashin ma'aikacin nan. Kowane wata bashin na ninkuwa da 1,1. Logaritim na 1,1 shi ne 0,0414. Wannan ne tsawon taki guda. Nisan da ke tsakanin kuɗi da ninkinsa shi ne logaritim na 2, wato 0,301. A raba 0,301 da 0,0414, an sami 7,3. Ke nan kafin wata na takwas ya ƙare bashin ya ninka. Yaushe jika ɗarin za su zama miliyon? Logaritim na 10 shi ne 1; a raba 1 da 0,0414, an sami wata 24 da ƴan kwanaki. Shekara biyu ke nan.

A gwada da ajiya. Kashi 3,5 a shekara, wanda aka daɗe ana biya a littafin ajiya na bankunan yankin, logaritim ɗinsa na 1,035 ne, wato 0,0149. A raba 0,301 da shi, an sami shekara 20. Abin da mai ajiya ke jira shekara ashirin, mai ba da bashi na unguwa na samun sa cikin wata bakwai da mako guda.

Ba a buƙatar jadawalin Briggs a yau. Na'urar lissafi ta ƴan sakandare tana da maɓalli mai rubutu "log", kuma mafi yawan salula suna nuna shi a sashen lissafi mai faɗi. Wanda ba ya da ko ɗaya yana iya riƙe ƙa'idar 72, wadda Luca Pacioli ya ambata a littafin da ya buga a birnin Benis na Italiya a 1494: a raba 72 da kason, an sami lokacin ninkawa. Kashi 10 na ba da 7,2, kashi 6 na ba da 12, kashi 3 na ba da 24. Ƙa'idar na aiki sosai a kan ƙananan kaso. In kason ya haura 20 sai ta fara kaucewa, a koma ga logaritim.

Wanda ba ya ci ba ya bayarwa

Da yawa daga cikin ƴan kasuwar ƙasar nan sun nisanci kuɗin ruwa sabili da hanin addini, kamar yadda suka san gargaɗin da aka yi wa masu tauye awo a Suratul Muɗaffifina. Wannan bai raba su da lissafin ba, domin duk abin da ke ƙaruwa a kan abin da ya riga ya ƙaru, ƙa'ida guda yake bi.

Ribar halal ma haka take hayayyafa. Ɗan kasuwar da ke cin kashi 5 kacal, amma yana juya jarinsa kowane wata yana maida ribar ciki, a shekara jarinsa ya ƙaru da kusan kashi 80, kuma ya ninka cikin wata 14 da ƴan kwanaki. Ya wuce wanda ya kulle kaya a sito shekara guda yana jiran ribar kashi 50. Haka mai karɓar kaya bashi: in farashin hannu jika 100 ne, na biya bayan wata uku kuma jika 115, wanda ke maimaita wannan ciniki sau huɗu a shekara yana ɗaukar nauyin da ya yi daidai da kashi 75. Ya kamata ya auna ko ribar da yake ci ta kai haka.

Tsadar rayuwa ita ma ruwa bisa ruwa ce, ko da ba wanda ya ci bashi. A ɗauka tiyar gero ta tashi daga tamma 500 zuwa 800 cikin shekara shida. Logaritim na 1,6 shi ne 0,204; a raba shida, an sami 0,034, wanda ya yi daidai da ƙarin kashi 8 da ɗan ɗoriya kowace shekara. Albashin jika 100 da ke sayen tiya 200 ya koma sayen tiya 125, ko da ba a rage masa tamma guda ba. Wakilin ƙungiyar ƙwadago da ya shiga tattaunawa da wannan lamba a hannu ya fi wanda ya shiga da koke kawai.

Ga ma'aikatan tsare-tsare kuwa, misalin da ya fi girma shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2001 ta sami mutum miliyon 11 a Nijar, ta 2012 ta sami miliyon 17, ƙarin kashi 3,9 a shekara tsakanin ƙidayoyin biyu. Logaritim na 1,039 shi ne 0,0166, saboda haka a irin wannan tafiya jama'a na ninkawa cikin shekara 18. Jaririn da aka haifa a garin da ke da aji goma da rijiya biyar, kafin ya isa jefa ƙuri'a garin na buƙatar aji ashirin da rijiya goma, domin kawai a tsaya inda ake. Kasafin da aka gina bisa ƙari iri ɗaya kowace shekara, tun ranar da aka rubuta shi yake a baya.

Kafin a sa hannu

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne mutum ya ci bashi ko ya karɓi kaya lamuni. Abin da ke kai gida da gona ga gwanjo shi ne karɓa ba da lissafi ba. Kafin a sa hannu a kowace takarda, ya dace a tambaya ko kason da aka faɗa na wata ne ko na shekara, a tambaya ko ruwan da ba a biya ba yana komawa cikin uwar kuɗi, a nemi jimillar abin da za a biya daga farko har ƙarshe a rubuce da lamba da kalmomi. Sannan a raba 72 da kason, a ga ranar da bashin zai ninka, a gwada ta da ranar da ake sa ran samun abin biya. In ranar ninkawa ta riga ranar biya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai ba da bashi da mai riƙe sikeli sun riga sun yi nasu lissafin tun kafin abokin ciniki ya iso. Wanda ya zo da nasa a rubuce, shi ne ke iya zama da su a tabarma guda.